Sharhinmu: A duba malamin kafin a biya kuɗin horon wasan kwaikwayo na babban hutu

Da zarar an kammala jarrabawar BEPC da ta BAC aka rufe azuzuwa, sai a shiga watannin da uwaye a birni suka fi jin nauyinsu. A ƙauye gona ta raba gardama, damana ta sauka, kowa ya san inda zai wuni. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kuwa, daga watan Yuli har zuwa komawa makaranta, yaro na da rana sukutum babu abin yi. Wasu a tura su darussan hutu, wasu shagon uba ko na kawu, wasu islamiyya safe da marece. Sauran kuma sai fada da butar shayi da salula har dare ya raba.

A cikin waɗannan matasa akwai rukunin da ba a cika maganarsa ba, wato ƴan lise da son wasan kwaikwayo ya kama. Su ne idan an yi bikin al'adu na makaranta suke fitowa su kwaikwayi mushen lissafi ko ɗan kabu-kabu, fili ya kaure da dariya. Sun kwashe shekara suna bita a ajin da babu kowa bayan an tashi. Yanzu hutu ya zo, suna so su ƙaro sani, kuma masu talla sun san da zamansu. Sanarwa na yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok: horon zama ɗan wasa cikin mako biyu, tantance sabbin fuskoki don wani fim, takardar shaida a ƙarshe, guraben sun kusa ƙarewa. Yaro ya kawo salula gaban mahaifinsa ya ce, Baba, ina son wannan. Ko kuma ya aika wa yayansa da ke Agadas, Akara ko New York saƙon murya yana roƙon kuɗin rajista.

Amsa biyu aka fi bayarwa, kuma dukansu ba su gamsar da mu ba. Ta farko ita ce a'a tun kafin yaron ya rufe baki, wai wasan kwaikwayo shiririta ce. Ta biyu ita ce a miƙa kuɗi don a rabu da naci, ba tare da an san inda yaron zai je ko wanda zai tsaya a kansa ba. Matsayin wannan jarida shi ne a bar yaro ya je ya koya, amma babba a gidan ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, kuma abin da zai auna shi ne malamin da aikin da yaron zai yi a hannunsa. Kyan hoton talla da hatimin da ke kan takardar shaida su zo a ƙarshen lissafi.

Abin da ya sa bai kamata a hana ba

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kafin zuwan majigi da telebijin, Damagaram na da wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarakuna da mahukunta a bainar jama'a. Yaran kowane gari sun san tashe a watan azumi. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa sun mayar da wasan kwaikwayo gasa tsakanin jihohi, rediyo da telebijin na ƙasa kuma suka kai shi gida-gida. Wanda ya tashi a wancan lokaci bai manta da Yazi Dogo da ƙungiyarsa ba, bai kuma manta da ƴan wasan gidan rediyon Damagaram ba. Da yawa daga cikin ƴan wasan nan malaman makaranta ne da ma'aikata masu iyali, mutanen da ake girmamawa a kartiyensu. Har wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta wallafa littafi sukutum a 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar.

A fagen fim ma haka. Oumarou Ganda, wanda babbar cibiyar al'adu ta Yamai ke ɗauke da sunansa, ɗan wasa ne kafin ya zama mai shirya fim, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane, wanda ya yi zama mai tsawo a Tawa, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Uban da ya ce wa ɗansa wannan hanya ba ta mutanen kirki ba ce, ya kamata ya san sunayen da yake sharewa.

Ko da yaron ba zai taɓa cin abinci da wasa ba, abin da zai samu ba kaɗan ba ne. Muna da masu digiri da yawa waɗanda idan aka ce su tashi su yi bayanin minti biyar gaban mutane sai murya ta maƙale. Wasan kwaikwayo yana koya wa mutum ya tsaya, ya dubi jama'a, ya yi magana a ji shi daga bayan ɗaki. Yana koya masa haddar rubutu mai tsawo da fahimtar abin da ya haddace. Yana koya masa cewa idan ya makara, mutum goma ne za su zauna jiransa. Lauya na bukatar wannan, malamin makaranta da ɗan jarida da mai talla a kasuwa duk suna bukatarsa.

Yadda horo na gaskiya yake

Domin a iya zaɓe, sai an san abin da ake saye. Horon ɗan wasa aikin jiki ne, ya fi kama da atisayen ƴan kokowa fiye da zaman aji. Ana farawa da motsa jiki da numfashi, saboda muryar da za ta cika fili daga ciki take fitowa, wanda ya dogara da maƙogwaro kafin rabin wasa ya dishe. Ana koyon fitar da kalma tsaf, da tafiya irin ta tsoho ko ta mai jin kunya ba tare da wuce gona da iri ba. Ana koyon sauraro, wanda shi ne ya fi wuya, domin sabon ɗan wasa jira kawai yake abokinsa ya yi shiru ya faɗi nasa. Ana zama a warware labari: wannan mutumin da zan fito a matsayinsa, wane ne shi, me yake nema a wannan fitowa, me ya tare masa hanya? Irin waɗannan tambayoyi ne ɗan Rasha Stanislavski ya gina koyarwarsa a kai fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma har yau da su makarantun wasa na duniya suke aiki.

Mu ma muna da tamu hanyar. Ƙungiyoyin zamanin samariya galibi ba sa rubuta wasa kalma da kalma. Sukan zauna su amince da labarin, su raba shi fitowa-fitowa, sannan kowa ya ƙirƙiro maganarsa a wurin bita, a yi ta maimaitawa ana gyara har ta zauna. Malamin da ya iya wannan hanya yana da abin koyarwa ko bai taɓa shiga jirgi ba. Akwai kuma wasan da ake tsayarwa a tsakiya a gayyaci ɗan kallo ya shigo ya gwada tasa mafitar, hanyar da Augusto Boal na Brazil ya shahara da ita, wadda Prosper Kompaoré da ƙungiyarsa suka yaɗa a Burkina Faso. Da irinta ake yawan faɗakarwa kan lafiya da karatun ƴan mata da zaman lafiya a garuruwanmu, kuma a nan ne ƴan wasa da dama suke samun ɗan abin sa wa a aljihu.

Duk wannan ba ya samuwa da kallo. Sai yaro ya tashi ya yi, an gyara masa, ya sake yi. Saboda haka lissafin farko da uba zai yi mai sauƙi ne. A ce yara 30 ne a hannun malami ɗaya, zaman kuma awa biyu ne. Ko da malamin bai ce uffan ba, kowane yaro minti huɗu ya samu. In yaran 12 ne, kowa na da minti goma, kuma malamin zai riƙe sunansa da inda yake tuntuɓe. Wurin da ake karɓar duk wanda ya biya ba tare da iyaka ba, kujera ake sayarwa.

Tambayoyin bakin ƙofa

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Kafin a biya ko dala, a je wurin, a nemi ganin wanda zai koyar da kansa. Sau da yawa sunan da ke kan talla na wani sananne ne da zai leƙo ranar buɗewa a ɗauki hoto, aikin yau da kullum kuma a bar wa wani. A tambayi mai koyarwar wasannin da ya yi, inda aka nuna su, da wanda ya koya masa. Ƴan wasa a garuruwanmu ba su da yawan da za su ɓace wa juna. Tambaya ɗaya a gidan matasa da al'adu, wato MJC, ko a gidan rediyon gari, ko wurin malamin da ke kula da ƙungiyar wasa ta lise, ta isa a san ko mutum na cikin sana'ar. A kuma tuna cewa iya wasa daban, iya koyarwa daban. A nemi yaro ɗaya ko biyu da suka yi horon a bara, a ji daga bakinsu da bakin uwayensu.

Sai a nemi jadawali a rubuce: kwana nawa, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, me za a yi a makon farko, me za a yi a na ƙarshe. Wanda ya shirya aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba. A tambaya ko za a rufe da wasan da uwaye za su zo su kalla, kuma ko kowane yaro zai fito a ciki. Wasan minti 30 da yara suka gina da kansu, ko da kuskure a ciki, ya fi kowace takardar shaida nuna abin da aka koya. A tambaya ko za a nuna musu aikin bayan fage, kamar haske, sauti, tufafi da tsara dandamali. Wani yaron a nan zai gano cewa baiwarsa na bayan labule, kuma waɗannan sana'o'i ne da ake nema a wurin biki da taro da gidajen telebijin.

Harshe ma abin tambaya ne. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Yaron da zai yi wasa gaban mutanen Maraɗi ko Tasawa ya fara da harshen da yake mafarki da shi, domin a cikinsa ne zai san inda dariya take da inda ake yin shiru. Horon da ya haɗa Hausa ko Zabarmanci da Faransanci ya fi amfani ga ɗan lise, tunda zai taimake shi a aji ma. Abin gudu shi ne wurin da ake sa yara haddar rubutun da ba su gane ba, suna karanto shi kamar aku.

Daga nan sai kuɗi. A san jimillar tun farko, a san abin da ta ƙunsa, a karɓi rasit. A yi hattara da kuɗin da ke haihuwa: yau na rajista, gobe na riga, jibi na hoto, gata na takardar shaida. Ƙa'ida ɗaya kuma ba ta canzawa a ko'ina cikin duniya. Ana biyan malami don ya koyar, amma ba a biyan mai shirya fim don ya sa mutum a fim. Wanda yake da fim na gaskiya shi ke biyan ɗan wasa. Duk wanda ya ce a kawo jaka kaza don a samu fitowa, ko ya yi alkawarin mayar da yaro tauraro cikin mako biyu, ya riga ya faɗa muku ko shi wane ne.

Mutuncin yaro ya fi komai tsada

Da yawa daga cikin ƴan lise ba su kai shekara 18 ba, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi, musamman ga ƴan mata. Wasan kwaikwayo aiki ne da ke sa yaro ya saki jiki ya amince da mai ba shi umarni. A hannun mutumin kirki wannan amana ce ke sa a koya. A hannun mugu kuwa ƙofa ce a buɗe.

Don haka a duba wurin da idon uwa. Fili ne da kowa zai iya shiga, kamar makaranta ko MJC ko cibiyar al'adu, ko kuwa ɗakin otel ne ko gidan wani? Da rana ake yi a tashi kafin magariba, ko sai dare? Akwai mace babba a cikin masu kula da yaran? An yarda uwa ko yaya su zo su zauna su kalli bita ba tare da sun yi sanarwa ba? Malamin kirki ba ya kiran yarinya ita kaɗai don ƙarin darasi, ba ya aika mata saƙo da tsakar dare, ba ya neman hotunanta a keɓe da sunan tantancewa. A gaya wa yarinyar wannan ƙarara tun a gida, a kuma tabbatar mata cewa in ta ga abin da bai kwanta mata ba ta faɗa, ba za a ce ita ta ja ba. Yaran da suka san za a hana su wasan gaba ɗaya idan suka yi ƙorafi, shiru suke yi. Wannan gargaɗi ya shafi yara maza ma.

Sai batun bidiyo. Yau kowace bita ana iya ɗaukarta a salula, kafin yaro ya iso gida ta kai Kano da Tripoli. A yi yarjejeniya tun farko cewa ba za a saka hoton yaro a intanet ba sai da izinin uwayensa. Abin da ya ba da dariya a shekara 16 yana iya dawowa ranar neman aure ko neman aiki. A kuma ba yaro damar ya ce ba zai yi wata fitowa ba idan ta saɓa wa addininsa ko tarbiyyar gidansu, ba tare da an kore shi ko an yi masa gori ba.

Mafarkin Kano

Ba za a yi wannan magana a Maraɗi ko Damagaram a tsallake Kano ba. Tun daga 1990 da masana'antar finafinan Hausa ta kankama a can, ita ce madubin matasanmu, kuma ƴan Nijar irin su mawaƙiya Fati Nijar sun yi suna a cikinta. Ba laifi ba ne yaro ya yi wannan buri. Amma Kano wurin aiki ce ga wanda ya riga ya iya, kuma tana da dokokinta, har da hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001 wadda ke yi wa masu sana'ar rajista. Hutun wata biyu na ɗan shekara 16 bai dace da zuwa neman sa'a a ƙofar ofisoshin masu shirya fim ba, balle ga halin tsaro da hanyar Jibiya da Katsina take ciki. Idan har za a je, a je da babba na gida, a sauka gidan dangi, a san sunan makarantar da adireshinta kafin a hau mota. Wanda yake son abin da gaske, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da tsohon sashen wasan kwaikwayo, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ma na da fannin fasaha da al'adu. Dukansu sai da sakamakon kammala sakandare ake shigarsu.

Ga ƴan uwa mazauna waje

Masu karatunmu da ke ƙetare wannan batu ya shafe su ta fuska biyu. Ta farko, su ake roƙo kuɗin. Kafin ka tura, ka sa wani da ka amince da shi ya je ya yi tambayoyin da ke sama, kuma ka biya wurin kai tsaye. Ka yi hattara da mai cewa zai kai ƙanenka horo a Paris har da biza. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, kuma makarantar wasa ba ta ba da biza. Yuro 1.000 daidai yake da sefa 655.957, fiye da albashin wata 15 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na jaka 42. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi ya isa ya ɗauki nauyin ƙungiyar lise guda har ƙarshen hutu.

Ta biyu, wasunku ɗiyanku ne ke sakandare a can, kuma su ne ke kawo muku takardun horon bazara. A Amurka abin ya zama babbar kasuwa. Akwai tsofaffin wurare masu suna, kamar sansanin Interlochen a jihar Michigan da aka kafa a 1928, da shirin jami'ar Northwestern kusa da Chicago wanda ya faro a 1931, inda ɗaliban wasa ke kwashe mako biyar. Ga mazauna Greensboro, inda ƴan Nijar suke da yawa, makarantar fasaha ta jihar North Carolina na nan kusa a Winston-Salem, kuma tana horon bazara. A Faransa akwai Cours Florent ta Paris, wadda ke aiki tun 1967. Irin waɗannan wurare na kwana a Amurka dubban daloli suke ci. Galibi ana neman gurbi watanni kafin bazara, ana tura bidiyon gwaji, kuma da yawansu na da tallafi ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, amma sai wanda ya nema da wuri. Halartarsu ba ta ba yaro tabbacin shiga jami'ar daga baya, kada a ci bashi a kan wannan zato.

Ma'aunin bai canza ba don an haye teku: wa zai koyar, yara nawa, awa nawa yaron zai yi a tsaye yana aiki. A ƙara da tambayar masauki, ko maza da mata a rabe suke, wa ke kwana da su, yaya batun salla da abincin halal. Ga yaron da yanzu ya fara, gidan wasan unguwa ko shirin hukumar gari mai araha ya wadatar a shekarar farko. Malamin wasa na makarantarsa ya fi kowane talla sanin matakin da ya kai. A je a gaishe shi a tambaye shi, kamar yadda za a yi a gida.

Karatu na gaba

Ku kuma matasa, ga taku. Zalika Souley na cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a wannan yanki na Afirka. Ta fito a finafinan Moustapha Alassane da na Oumarou Ganda tun shekarun 1960, an san fuskarta har ƙasashen waje. Duk da haka ta sha tsangwama daga mutanen da suka kasa raba ta da matan da take kwaikwaya, kuma da harkar fim ta durƙushe a ƙasar nan sai da ta tafi Amurka aikatau. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, Zalika kuma ta rasu a 2021. Baiwa ba ta gaza mata ba, sana'ar ce ba ta da rumbu. Har yau kaɗan ne a Nijar ke rayuwa da wasa kaɗai. Saboda haka horon hutu ya ƙare tare da hutu, kuma duk malamin da ya ce ku bar lise don kun riga kun iya, ba masoyinku ba ne. Wanda zai shiga ajin tarminal ya raba lokacinsa, ya ba littafi kasonsa. Ku ne kuma za ku sauƙaƙa wa uwayenku amincewa: ku kawo musu sunan malami da jadawali, ku ce Baba, Inna, ku zo ku gani da idonku.

Kira ga hukumomi

Masu tallan bogi suna samun kasuwa ne saboda wuraren gaskiya sun yi ƙaranci. Gine-ginen kuwa suna nan. Manyan garuruwanmu na da MJC, Yamai na da cibiyar Oumarou Ganda da tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wadda aka sa wa sunan Moustapha Alassane a 2024, azuzuwa kuma a rufe suke wata da watanni. Mutanen ma suna nan. Tsofaffin ƴan wasan samariya na zaune a gida da ilimin da ba a rubuta ba, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Akwai matasan da suka taso a hannun marigayi Alfred Dogbé da bikin Émergences da ya kafa a Yamai. Abin da ya rage shi ne a haɗa ginin da malamin da yaran.

Muna kira ga ma'aikatun da ke kula da al'adu da matasa da ilimi, tare da shugabannin ƙananan hukumomi, su buɗe horon wasan kwaikwayo na mako uku ko huɗu a kowace MJC a lokacin babban hutu, da kuɗi kaɗan da talaka zai iya, a biya masu koyarwa haƙƙinsu. Muna kuma kira da a wajabta wa duk mai shirya horo ga yara ƴan ƙasa da shekara 18 ya sanar da hukuma sunansa da wurinsa, a lika jerin a inda uwaye za su gani. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don rijiya da masallaci, za su iya ɗaukar nauyin irin wannan a garuruwansu na asali.

Kafin hukuma ta motsa, nauyin na kan gida. Idan ɗanka ko ɗiyarka ta kawo maka sanarwa a wannan hutu, kada ka ce a'a daga kan tabarma, kada kuma ka miƙa kuɗi daga kan tabarma. Ka sa takalminka ka je ka gaisa da malamin, ka zauna ka kalli bita ɗaya. Gani ya kori ji.